Ranar Da Muka Karɓi Gaisuwar Wanda Bai Mutu Ba

Hunturu ya fara leƙowa, leɓe ya fara tsagewa, kuma duk wanda ya ratsa ta Adum ko kasuwar Kejetia a 'yan kwanakin nan ya san Disamba ta kama, ko da kuwa bai duba kalanda ba. 'Yan tebur sun baza kayan adon Kirsimeti, wadda maƙwabtanmu Asante ke kira Buronya: ƙananan fitilu masu ƙiftawa, da itatuwan roba, da jajayen huluna, da kuma wani abu mai kama da gammo, kore shar, an ɗaura masa jan ƙyalle, wanda ake ratayawa a ƙofa. To, a kan wannan gammo nake son in yi magana a wannan wata, domin ya taɓa jefa ni cikin wata kunya da har yau ban gama wanke ta ba, ya kuma koya mini darasin da ban samu ba a shekaru ukun da na yi a kwalejin horon malamai.

Ina zaune da iyalina a wani gidan haya a zango nan Kumasi, gida mai ɗakuna 14, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. A cikinmu akwai Hausawa, da Dagomba, da Mosi, da Zabarmawa. Dukanmu Musulmi ne in ban da mutum ɗaya, watau wata dattijuwa 'yar Asante wadda kowa ke kira Maame. Ta riga mu duka shiga gidan, ta fi shekara 30 a cikinsa, kuma in tana Hausa daga bayan labule ba ka ce ba a zango aka yanke mata cibiya ba. A daren da za a haifi 'yarmu ta fari ina can wani ƙauye ina koyarwa, Maame ce ta tari tasi ta kai mai ɗakina asibiti, ta kwana zaune a kan benci. Da Babbar Salla naman kowane ɗaki yana isa ƙofarta. Da Kirsimeti kuwa sai ta kira ɗaya daga cikin samarin gidan ya yanka mata kaji, don kada wani ya ji shakkar cin shinkafarta.

Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, shi kuma ya tafi Jamus neman abinci tun 2006, yana birnin Hamburg. Irin su ne ake kira boga a ƙasar nan, sunan da aka ce daga Hamburg ɗin ya samo asali. Sai dai shi wannan boga matsalar takardu ta hana shi zuwa gida, shekara 11 ke nan a lokacin uwarsa ba ta sa shi a ido ba sai a waya.

A farkon Disambar 2017 wani abokinsa da ya zo hutu ya kawo mata saƙo: maganin ciwon gwiwa, da rigar sanyi, da wannan gammo na roba, mai koren ganye kamar allura, da jajayen 'ya'ya, da wani babban jan ƙyalle da aka ƙulle a ƙasansa. Ɗan ya gaya mata a waya cewa a can mutane a ƙofa suke rataya shi. To, a wurin Maame, in an ce ƙofa, ai ƙofar gida ake nufi. Daren Juma'a bayan kowa ya kwanta, ta sami ƙusa ta rataye shi a tsakiyar babbar ƙofa, ta fuskar titi.

Gari ya waye Asabar. Wanda ya san Kumasi ya san Asabar ranar jana'iza ce. Ban gama karyawa ba sai na ji salati a ƙofar gida. Matan gidan da ke kallonmu ne suka shigo lulluɓe, suna tambayar wa ya rasu. Wata ta ce ai Kirista ɗaya ce a gidan nan, lalle Maame ce. Wata ta ce a'a, ta ga Maame jiya da magariba lafiyarta lau, sai dai in ɗan nan nata na Turai ne. Kafin ƙarfe takwas magana ta kai masallacin unguwa, ta tsallaka titi ta kai ga 'yan cocinsu, har wasu mata uku sun iso cikin baƙin zane da ja, hannu bisa kai.

Maame tana bayi tana wanka duk ba ta san abin da ake ciki ba. Fitowarta ke da wuya, da bokiti a hannu, sai ta ga tsakar gida cike, ta ji ana kiran sunan ɗanta ana kuka. Jama'a, ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bokitin ya faɗi, ita ma ta zube nan bakin famfo. Ta ɗauka labari ne ya iso wa mutane kafin ya iso mata. Aka shiga buga wayar ɗan, ba ya ɗauka, ashe aikin dare yake yi, barci ya kwashe shi. Mun fi minti 40 muna bugawa kafin ya ɗaga, da muryar barci, yana tambayar ko lafiya. Nan tsakar gida ta kaure da dariya da hamdala, masu kuka suka koma tafa hannu. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

Kada mai karatu ya ga wautar waɗanda suka zo gaisuwa. A ƙasar nan, ina muka saba ganin zoben furanni? A kan akwatin gawa da kan kabarin 'yan'uwanmu Kirista, da kuma wurin tunawa da mazan jiya. Kowace shekara ran 28 ga Fabrairu ana ajiye irinsa a babban birninmu Ankara, a mararrabar da aka harbe tsofaffin sojojin nan uku a 1948, watau Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Daɗin daɗawa, ja da baƙi su ne launin makoki a wurin Asante. Saboda haka zobe na ganye, da jan ƙyalle, a ƙofar gida, ranar Asabar, ai wasiƙa ce da kowa ya iya karantawa. Illa iyaka dai an rubuta ta da wani harshe, aka karanta ta da wani.

Bayan azahar Alhaji mai gidan ya aika a kira ni. Ya ce, "Ticha, kai ne ɗan boko, kai za ka gaya mata ta cire abin nan. Na farko ya tara mana jama'a a banza. Na biyu, an fara cewa gidana ya koma coci." Na ce to. A nan ne na yi kuskurena. Maimakon in yi sallama in shiga in zauna, in tambaye ta yadda ta ji da jiki, sai na tsaya daga bakin ƙofa kamar mai yi wa ɗan aji uku faɗa, na ce, "Maame, Alhaji ya ce a cire abin nan. Kayan maƙabarta ne, ba na gida ba." Ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Na ji, Ticha. Amma ɗana bai aiko mini da kayan maƙabarta ba." Ta ɗauki kujera 'yar tsugune, ta fita, ta taka da gwiwar nan tata mai ciwo, ta sauke abinta da kanta. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni.

Daga ran nan Maame ta daina fitowa hira tsakar gida da dare. Gaisuwa tana amsawa, amma a taƙaice. Kwana uku da haka mai ɗakina ta ce mini, "Malam, kullum ina jin kana gaya wa yara kada su ba da amsa sai sun fahimci tambaya. Kai ka tambaye ta mene ne abin, ko kuwa amsa kawai ka kai mata?" Na rasa ta cewa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Washegari na fara bin abokan aikina Kirista da tambaya, na shiga karance-karance, har na karɓi lambar ɗan Maame na kira shi da kaina. Ga kaɗan daga abin da na samo.

Tun zamanin da, mutanen Turai suna naɗa ganye su yi zobe don girmamawa. Girkawa suna ɗora wa wanda ya yi nasara a wasannin Olamfik kambin ganyen zaitun, Rumawa kuma suna ɗora wa sarkin yaƙin da ya ci nasara kambin wani ganye mai ƙamshi. Amma abin da ya haɗa zoben ganye da watan Disamba shi ne yanayin ƙasarsu. A wajen 21 ga Disamba, tsawon yini a Hamburg bai wuce awa bakwai da rabi ba, alhali mu nan Kumasi muna samun kusan awa 12 duk shekara. Sanyi yana daskarar da ruwa, yawancin itatuwa sun kaɗe ganye sun tsaya ƙiris kamar matattu. Sai 'yan kaɗan da ba sa zubar da ganye: masu ganye kamar allura, da wani mai ƙaya a gefen ganye da jajayen 'ya'ya, wanda Turawan Ingila ke kira holi. Su ne mutane ke yankowa su shigo da su gida, don su tuna wa kansu cewa rai bai ƙare ba, rana za ta dawo. Daga baya Kirista suka ba abin fassara bisa ga aƙidarsu: zoben da ba shi da farko ba shi da ƙarshe yana nuna dawwama, ƙayar ganyen da jajayen 'ya'yan kuma suna tuna musu da wahalar da suka yi imani Almasihu ya sha.

Da na karanta haka sai na tuna da gawo. Lokacin da nake karatu a kwalejin Bagabaga ta Tamale, da kuma shekarun da na koyar a wajen Bawku, na sha ganin ikon Allah a kan wannan itace. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi a tuɓe yake. Da rani, in komai ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su sami inuwa da abinci a gindinsa. Ashe mu ma mun san darajar ganyen da ke fitowa lokacin tsanani. Abin da na kira kayan maƙabarta, a wurin masu shi alamar rai ce.

Amma labarin da ya fi taɓa ni, a matsayina na malamin makaranta, daga Hamburg ɗin kanta ya fito. Akwai wani malamin addinin Kirista mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ya buɗe gidan renon yaran talakawa a can a 1833. In Disamba ta kama, yaran sukan dame shi da tambaya kullum: saura kwana nawa Kirsimeti? A 1839 sai ya sami tsohuwar ƙafar amalanke, ya jera kyandirori a kanta, manya 4 na ranakun Lahadi, da ƙanana na sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana har ranar ta zo. Daga baya aka riƙa naɗe zoben da koren ganye, aka kuma rage kyandirorin zuwa 4. Wannan mai kyandir a tebur ake ajiye shi, ko a rataye shi a kwance daga rufin ɗaki. Na ƙofa, irin na Maame, ɗan'uwansa ne, ba a sa masa wuta. To, mene ne abin da Wichern ya yi in ba kayan koyarwa ba? Abin da aka yi ta nanata mana a kwaleji ke nan: kada ka jira a aiko maka da kaya daga ofishin ilimi, duba abin da ke kusa da kai, murfin kwalba ne ko kara, ka koyar da shi.

Na roba kuwa baƙo ne na baya-bayan nan. Jamusawa sun fara yin itacen Kirsimeti na jabu da gashin dinya da aka rina kore tun ƙarni na 19, amma yau kusan duka da roba ake yi, kuma kaso mai tsoka na kayan adon Kirsimetin duniya daga birnin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa. Da na juya bayan na Maame daga baya, na ga an rubuta can aka yi shi. Watau ya taso daga Sin, ya sauka Jamus, ya hau jirgi ya zo zango, ya tara mana 'yan makoki.

Da aka ba da hutun makaranta sai na ce wa 'yata, wadda ke da shekara tara a lokacin, ta zo mu yi wani aiki. Na nuna mata hoton abin, ta ce, "Baba, ai wannan gammo ne." Tun daga ran nan sunan ya bi shi a gidanmu. Muka sami ɗanyen ganyen kwakwar manja, irin wanda yaran Asante ke gina 'yan bukkokinsu na Buronya da shi, muka murɗa muka naɗe kamar yadda masu talla ke naɗa gammo, sai dai mun faɗaɗa shi ya kai faifai. Muka tsinko ganyen mangwaro, da na dogon yaro, da na lemo saboda ƙamshi, muka ɗaure su tsubi-tsubi da zare, kowane tsubi yana rufe gindin na gabansa, har zobe ya zagayo. A madadin jajayen 'ya'ya muka soka busasshen barkono. Jan ƙyalle kam mun bar shi, mai ɗakina ta yanko mana farin gefen atamfa. Sisi ba mu kashe ba.

Kafin in kai mata sai da na koma wurin Alhaji. Na ce, "Alhaji, babbar ƙofa ta kowa ce, ka yi gaskiya. Amma ƙofar ɗakin da take biya wa haya fa?" Ya yi shiru, ya ja carbi, ya ce, "Wannan tsakaninta da ƙofarta." Na yi sallama, wannan karon na shiga na durƙusa, na ce, "Maame, na yi miki magana da rashin sani, ki yafe mini." Yarinya ta miƙa mata gammon. Ta karɓa, ta murza ganyen lemon a yatsa, ta kai hanci, sai hawaye. Ta ce, "Ticha, tashi. Ɗa ba ya durƙusa wa uwa har gwiwarsa ta yi ciwo." Ni da kaina na buga ƙusar.

Na san akwai mai karatun da zai ce, me ya kai malami Musulmi naɗa adon Kirsimeti? Amsata ita ce, ban rataya a ƙofata ba, ba kuma zan rataya ba, domin ba bikina ba ne. Maame ma ba ta taɓa bin mu Idi ba. Amma haƙƙin maƙwabci ba a kaina aka fara jin sa ba, kuma zuciyar da na karya da bakina, wajibina ne in ɗinke ta da hannuna. A 2019, sa'ad da Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya taka da ƙafarsa ya ziyarci cocin Katolika ta Christ the King a Ankara ranar bikin Ista, ya fito da rawaninsa da addininsa ba abin da ya ragu. Ni da ban kai almajirin almajirinsa ba, ina ganin ganyen mangwaro bai fi ƙarfina ba.

To, wanne ya fi, na roba ko na ganye? Gaskiya kowanne da ranarsa. Gammonmu kwana huɗu ya yi hunturu ya gama da shi. Dogon yaro ne ya fara langaɓewa, na mangwaro ya murɗe, kaji suka tsince barkonon da ya zubo. Na roba kuwa har yau yana nan kamar jiya aka saye shi, in ya yi ƙura a ɗauraye shi da ruwa. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko ma'aikacin da ba shi da sukuni, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai rashin mutuwar tasa ita ce kuma illarsa. In ya koɗe aka jefar, ba ya ruɓewa. Mu da ke kusa da rafin Aboabo mun san inda roba ke ƙarewa, mun kuma san abin da ke biyo baya in ruwan sama ya sauko kwata a toshe. In an ƙona shi, hayaƙinsa guba ne. Na ganye kuwa daga ƙasa ya fito, ƙasa yake komawa.

Maame ce ta raba gardamar. Da na ce mata namu ya bushe, ko in sauke in mayar da na ɗanta, sai ta ce a'a. Na roba ta riga ta rataye shi a cikin ɗaki, bisa hoton ɗan. Ta ce, "Wancan kamar hoton yake, ba ya tsufa, ba ya kuma amsa gaisuwa. Wannan kuwa in ya bushe dole wani ya zo ya sake mini, in ya zo kuma dole ya zauna." Muka sake mata wani ana jajibirin Kirsimeti. Ran nan da dare ta fito da kujerarta tsakar gida.

Ga 'yan'uwanmu masu yin wannan ado, ina da 'yar shawara. In gidan haya ne, a rataya a ƙofar ɗaki, a kuma gaya wa maƙwabta tun da wuri. In na roba ne, a adana shi ya yi shekaru, kada a saya bana a jefar baɗi. In mai kyandir ne, kada a bar shi da wuta ba kowa, domin busasshen ganye da roba duk abincin wuta ne, gobarar hunturu kuwa ba ta jiran motar kwana-kwana. Mu kuma sauran, in mun ga baƙon abu a ƙofar maƙwabci, mu tambaya kafin mu ɗora hannu a ka, matambayi ba ya ɓata.

A 2022 ɗan Maame ya sami takardu ya zo gida, bayan shekara 16. Ya tsaya gaban ƙofar uwarsa yana kallon gammon ganye, ya ce a can ma masu hali ɗanye suke saye, shi dai na roba ne zai iya jure tafiya cikin akwati. Yanzu idon Maame ya yi rauni, ba ta rarrabe kore da ja sosai, amma hancinta lafiya lau. 'Yata tana makarantar kwana, ta riga ta aiko a gaya wa ƙannenta kada kowa ya taɓa ganyen lemon bayan gida sai ta dawo hutu.

Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, ya tsare mu da gobarar hunturu, ya kai mu sabuwar shekara lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya yarda.